Yadda Ƙungiyar Sa-kai Za Ta Yi Amfani da Kafafen Sada Zumunta Har Ta Ga Sauyi a Ƙasa

A watan Maris na 2012 wata ƙungiyar agaji ta Amurka mai suna Invisible Children ta saki bidiyo na kusan rabin sa'a a kan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA na Yuganda, tana neman duniya ta tashi tsaye a kama shi kafin shekarar ta ƙare. Cikin mako guda an kalli bidiyon sama da sau miliyan 100, amma shekarar ta ƙare, wasu shekarun suka biyo baya, Kony bai shiga hannu ba. A watan Yunin 2020 kuma ɗan ƙwallon Ingila Marcus Rashford, wanda ke aiki tare da ƙungiyar FareShare mai raba abinci ga mabuƙata, ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan majalisar dokokin ƙasarsa yana roƙon a ci gaba da tallafin ciyar da yaran marasa ƙarfi a lokacin dogon hutun makaranta. Gwamnati ta fara da cewa a'a, ba a ɗauki kwanaki ba ta janye. Bambancin da ke tsakanin waɗannan gangami biyu shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya a nan: na farko ya tara idanun duniya a kan abin da masu kallo ba su da ikon yi, na biyu kuwa ya nemi abu guda daga hannun wanda ke da ikon bayar da shi, ya kuma yanka lokaci.

Mataki na farko: ku tsayar da abin da kuke nema kafin ku buɗe shafi

Yawancin ƙungiyoyi suna farawa ne da buɗe shafi, su sa tambari da hoton shugaba, sannan su zauna suna tunanin abin da za su riƙa wallafawa. Wannan ya sa shafukan ƙungiyoyi da dama suka zama kundin hotunan taro, inda ake ganin mutane a jere a bayan tebur, a ƙasa an rubuta cewa an yi taron masu ruwa da tsaki cikin nasara. Aikin farko a takarda ake yin sa. Ku zauna ku rubuta jimla guda da ta amsa tambaya uku: me kuke so ya sauya, wa ke da ikon sauya shi, kuma zuwa yaushe.

Mu ɗauki misalin da za mu riƙa komawa gare shi har ƙarshe. Ƙungiya ce mai aiki a kan lafiyar mata masu juna biyu, ta lura cewa wasu ƙananan asibitoci a yankinta ba su da ungozoma da dare, don haka matan da naƙuda ta kama bayan faɗuwar rana sai dai a yi doguwar tafiya da su. Idan ƙungiyar ta ce burinta shi ne wayar da kan jama'a game da mutuwar mata wajen haihuwa, ba ta yi ƙarya ba, amma babu wanda zai iya cewa ta cim ma burin ko ba ta cim ma ba, kuma babu jami'in da zai ji an taɓa shi. Idan kuwa ta rubuta cewa tana neman hukumar lafiya ta yankin ta tura ungozoma mai kwana zuwa asibitoci biyar da ta ambata da suna kafin ƙarshen shekarar kasafi, to magana ta fito. An san wanda ake magana da shi, an san abin da zai yi a ce ya yi, su kuma masu goyon baya sun san ranar da za su tambayi ƙungiyar inda aka kwana.

Kada ku yi gaggawar wuce wannan mataki, domin sau da yawa a nan ne za ku gano cewa wanda kuka ɗauka yana da iko ba shi ne mai ikon ba. Wataƙila shugaban asibiti ya sha rubuta takarda yana neman ma'aikata, matsalar tana ofishin da ke ɗaukar aiki ko ofishin da ke sakin kuɗi. Gangamin da ya far wa mutumin da ba shi da laifi yana jawo wa ƙungiya asara biyu, ta rasa abokin aikin da zai taimaka mata daga ciki, ta kuma bar mai alhakin ya ci gaba da barcinsa. Taura biyu ba ta taunuwa, saboda haka idan matsalolin suna da yawa, ku ɗauki guda ku gama da ita.

Mataki na biyu: ku gano inda mutanenku suke

Akwai rukuni uku da kusan kowane gangami ke magana da su, kuma ba a wuri ɗaya suke zama ba. Akwai waɗanda abin ya shafa kai tsaye, akwai masu goyon baya da za su ba da lokaci ko kuɗi, akwai kuma mahukunta da 'yan jarida. Mahukunta da 'yan jarida sukan fi leƙa X, wanda aka sani da Twitter kafin 2023, masu ba da tallafi da ma'aikatan manyan hukumomi sukan fi zama a LinkedIn, matasa suna TikTok da Instagram, Facebook da WhatsApp kuma su ne suka fi ratsa kowane rukuni a ƙasashe da yawa. Amma wannan rabon kirdado ne kawai. Abin da ya fi shi shi ne ku tambayi mutum ashirin ko talatin daga cikin waɗanda kuke yi wa aiki: wace manhaja suka buɗe jiya, wa ke riƙe da wayar gidan, suna karanta rubutu ko sun fi son saƙon murya, kuma data takan ishe su kallon bidiyo?

Amsar da za ku samu tana iya ba ku mamaki. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ITU, ta ƙiyasta cewa a 2023 kimanin mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya ke nan, kuma akasarinsu su ne irin mutanen da ƙungiyoyin sa-kai ke cewa suna yi wa aiki. Irin wannan giɓi ne ya sa shirin U-Report na jin ra'ayin matasa da UNICEF ta fara a Yuganda a 2011 ya ginu a kan saƙon tes na ƙaramar waya, wanda ba ya buƙatar data. A misalinmu na asibitoci, matan da abin ya shafa za a fi samun su ta saƙon murya da rediyo da bakin ma'aikatan lafiya na unguwa, shi kuwa shugaban hukumar lafiya a X za a same shi. Ƙaramar ƙungiya ta zaɓi kafa biyu ta riƙe su da kyau. Shafin da aka buɗe aka bari wata shida ba a taɓa ba ya fi rashin shafin muni, domin duk wanda ya leƙa zai ɗauka ƙungiyar ta mutu.

Mataki na uku: ku kulle gidan

Na taɓa ganin wata ƙungiya da ta shafe shekaru tana tara mabiya a Facebook, ashe shafin da asusun wani matashi ɗan sa-kai aka buɗe shi, kuma shi kaɗai ke da ikon gudanarwa. Ranar da aka samu saɓani ya bar aiki, shafin ya tafi da shi. Ba ma sai ya yi wata mugunta ba, wayarsa kawai ya daina ɗauka, ƙungiyar ta wayi gari tana kallon shafinta kamar baƙuwa, ba ta iya wallafa ko kalma ɗaya, sai da ta koma ta fara daga sifiri.

Maganin wannan ba shi da wuya. Ku buɗe imel da sunan ƙungiya, kowane asusu a rataya shi a kan wannan imel ɗin da lambar wayar ƙungiya. Kowane shafi ya kasance da aƙalla mutum biyu masu cikakken iko, ɗaya daga cikinsu wanda ba ya taɓa shafin kullum, kamar ma'aji ko wani amintacce. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowane asusu, ta yadda ko an sace kalmar sirri ba za a shiga ba sai da ƙarin lamba. Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a cire shi daga shafuka a sauya kalmomin sirri, ko da an rabu lafiya.

Ku kuma koya wa kowa a ƙungiyar dabarar da aka fi sace asusun WhatsApp da ita. Mutum zai kira ko ya turo saƙo, sau da yawa da sunan wani da kuka sani, ya ce za a yi taro ta intanet kuma an turo muku lamba shida, ku karanto masa don a sa ku a ciki. Wannan lambar ita ce mabuɗin asusunku, wanda ya karɓe ta ya karɓe asusun, daga nan sai ya shiga zaurukanku yana neman kuɗi da sunanku. Ƙungiyar da aka yi wa kutse ko ake yi wa barazana ta intanet tana iya neman taimako kyauta daga layin agajin tsaro na ƙungiyar Access Now, wanda aka kafa domin ƙungiyoyin farar hula da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam.

Mataki na huɗu: ku tara hujja

A nan ne fasaha ta fi amfani, kuma a nan ne aka fi yi mata riƙon sakainar kashi. Jami'in da aka ce masa mata suna wahala zai iya cewa ana kan duba lamarin. Jami'in da aka ajiye masa takarda mai nuna asibiti kaza, daren kaza, mace nawa ta zo ba ta tarar da kowa ba, da nisan da aka yi da ita kafin a samu taimako, dole ya nemi amsa ta gaskiya. Gani ya kori ji.

Manhajoji irin su KoboToolbox da ODK an yi su ne domin wannan aiki. Ana tsara fom ɗin tambayoyi a kwamfuta, a sauke shi a wayar ɗan sa-kai, ya cika shi ko babu sabis, ya haɗa da hoto da wurin da yake tsaye a taswira, idan ya dawo inda akwai intanet sai bayanan su tafi rumbu guda. Ku taƙaita tambayoyin, domin fom mai tambaya hamsin ɗan sa-kai zai gaji ya fara cika shi da ka. Ku gwada fom ɗin da mutum biyar kafin ku fita da shi, za ku ga tambayoyin da ba a fahimta. Idan kuma jama'a kuke so su riƙa kawo rahoto da kansu, akwai tsarin Ushahidi, wanda wasu 'yan Kenya suka ƙirƙira a farkon 2008 lokacin rikicin bayan zaɓe, inda mutane ke aiko da rahoton abin da suka gani ta saƙon waya ana ɗora shi a taswira. An sake amfani da shi bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010.

Duk abin da ya zo muku daga waje, ku ɗauke shi a matsayin zargi har sai kun tabbatar. Hoto a saka shi a binciken hoto na Google ko TinEye a ga ko ya taɓa fitowa a wata ƙasa ko wata shekara. Rahoto a nemi mutum na biyu da bai san na farko ba ya gaskata shi. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoto da murya cikin daƙiƙu, wannan tantancewa ta ƙara zama wajibi. Ƙungiya takan shekara goma tana gina suna, hoton bogi guda ya rusa shi, kuma wanda kuke ƙalubalanta ba abin da yake jira kamar wannan kuskuren.

Akwai kuma nauyin da ke kan wanda ya tara bayanan mutane. A watan Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta sanar cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutum sama da 515,000, ciki har da waɗanda yaƙi ya raba da iyalansu. Idan hakan ta faru da ƙungiya mai wannan girma, ƙaramar ƙungiya ba ta da hujjar ajiye sunaye da lambobin waya da tarihin rashin lafiyar mutane a wayar kowane ɗan sa-kai. Abin da ba ku buƙata kada ku tambaya, abin da kuka gama da shi ku goge, sunaye kuma a raba su da sauran bayanai. Ƙasashe da dama suna da dokar kare bayanai, kamar ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da ta Kenya ta 2019, da ta Najeriya ta 2023, don haka ku san wadda ta hau kanku.

Mataki na biyar: ku ba da labarin ba tare da kun zubar da mutuncin mai shi ba

Alƙaluma suna gamsar da jami'i, amma mutum guda ne ke tsayar da yatsan mai duba waya. Saƙon da ke aiki yakan ƙunshi mutum ɗaya, da hujja ɗaya, da buƙata ɗaya. A misalinmu, maimakon a rubuta cewa ƙungiya ta nuna damuwa kan ƙarancin ma'aikata, sai a sa muryar wani direba yana ba da labarin daren da aka tashe shi da ƙarfe biyu, ya kai mace asibitin da ke kusa ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya juya da ita zuwa wani mai nisa. Bayan muryarsa sai jimla guda mai cewa a dare talatin da aka bibiya, dare kaza ne babu ma'aikaci a wannan asibiti. Sannan a rufe da abin da ake so mai sauraro ya yi: ya sa hannu a takardar koke, ko ya halarci zaman sauraron jama'a ranar kaza. Bidiyon ya zama gajere, abin da ya fi muhimmanci ya zo a daƙiƙun farko, a kuma sa rubutu a ƙasa domin mutane da yawa suna kallo ne ba tare da sauti ba, wasu kuma ba sa ji.

Batun izini ya wuce a ce wa mutum za a ɗauke shi hoto ya gyaɗa kai. A gaya masa inda hoton zai fito, da cewa maƙwabtansa da shugabanninsa za su iya gani, da cewa abin da ya hau intanet ba ya sauka gaba ɗaya, domin magana zarar bunu ce. A tabbatar masa cewa ko ya ƙi, taimakon da yake samu daga ƙungiyar ba zai ragu ba, in ba haka ba izinin nasa na dole ne. Yara sai da yardar iyaye, kuma ko da yardar, kada a haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da wurin da yake zaune. Wanda aka ci zarafinsa a ɓoye fuskarsa da muryarsa, a kuma tuna cewa hoton waya yakan zo ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikinsa, sai a cire kafin a tura wa kowa. A ra'ayina, hoton yaro mai ƙuda a fuska yana iya kawo gudummawa yau, amma yana koya wa masu kallo cewa mutanen nan abin tausayi ne kawai, alhali abin da kuke nema a gane shi ne masu haƙƙi ne da aka tauye. Ma'auni mai sauƙi shi ne ku tambayi kanku ko za ku yarda a nuna ɗanku haka.

Mataki na shida: ku ƙaddamar da gangamin

Kafin ku fito fili, ku rubuta wa hukumar da abin ya shafa, ku ba ta hujjojinku, ku nemi zama. Wani lokaci a nan maganar ke ƙarewa, kuma hakan nasara ce ko da babu wanda ya ji. Idan aka yi shiru, kun samu abin faɗa: mun rubuta ranar kaza, ga kwafin takardar da hatimin karɓa, har yau ba amsa.

Sai ku zaɓi lokaci. Buƙatar da ke cin kuɗi a tayar da ita lokacin da ake tsara kasafi, domin bayan an sa hannu jami'i yana da uzurin da ba za ku iya karyawa ba. Ku tanadi abokan tafiya tun kafin ranar: ƙungiyoyin da kuke aiki iri ɗaya, 'yan jarida biyu ko uku da kuka riga kuka ba bayanai, da mutanen da jama'arku ke jin maganarsu. Mutum mai mabiya dubu biyu da suka yarda da shi ya fi muku tauraron da zai wallafa sau ɗaya ya manta. Ku aika musu da saƙon da hotunan a shirye, ku sa rana da sa'a, domin murya hamsin a sa'a guda ta fi murya hamsin a warwatse cikin wata. Maudu'in da za ku yi amfani da shi, wato hashtag mai farawa da alamar #, ya zama gajere, mai sauƙin rubutawa, kuma ku bincika ko wani bai riga ku amfani da shi a kan wani abu daban ba.

Gangamin Bagega ya nuna yadda waɗannan abubuwa ke haɗuwa. A 2010 aka gano gubar dalma a wasu ƙauyukan jihar Zamfara ta Najeriya, ta kashe ɗaruruwan yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa ba za ta iya yi wa yaran Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan, magani ba sai an tsabtace ƙasar garin, domin za su sake shaƙar gubar. Gwamnati ta yi alkawarin kuɗin aikin amma ba ta saki ba. Masu fafutukar Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, ciki har da Hamzat Lawal, tare da wasu ƙungiyoyi, suka riƙa nuna halin da ake ciki a kafafen sada zumunta da maudu'in #SaveBagega suna ambaton masu riƙe da madafun iko kai tsaye, kuma a farkon 2013 aka saki kuɗin, aka fara aikin. Abin lura shi ne buƙatar tasu guda ce kuma ana iya auna ta, hujjar likitoci tana bayanta, kuma bayan an saki kuɗin sun ci gaba da bin diddigin yadda aka kashe shi.

Ku yi magana da jami'i cikin ladabi ko da kuna matsa masa. Wanda aka zaga a bainar jama'a yakan kafe don kada a ce ya ji tsoro, wanda aka bar wa ƙofar fita da mutuncinsa kuwa yakan bi ta. Idan ya yi abin da aka nema, ku yaba masa a shafin da kuka ƙalubalance shi.

Mataki na bakwai: ku kwashe mutanenku daga gidan haya

Shafinku a Facebook ko TikTok gidan haya ne, mai gidan ke yanke wa zai ga saƙonku. A farkon 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita saƙonnin 'yan'uwa da abokai a kan na shafuka, ƙungiyoyi da kafafen labarai suka ga masu ganin saƙonsu sun ragu ba tare da sun yi laifin komai ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke baki ɗaya na kusan sa'a shida. Gwamnatoci ma sukan rufe kafa, kamar yadda aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saboda haka duk wanda ya nuna sha'awa ku nemi lambar wayarsa ko imel ɗinsa da yardarsa, ku adana a rumbun da yake naku.

A WhatsApp akwai hanya uku, kuma kowace da halinta. Zaure, wato group, yana ɗaukar mutum har 1,024, amma kowa na ganin lambar kowa, kuma idan babu doka da mai kula sai ya cika da tallace-tallace da gardama. Jerin aikawa, wato broadcast, yana ɗaukar 256, saƙon kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarku. Tashoshin da aka ɓullo da su a 2023, wato channels, suna ɓoye lambobin mabiya, sai dai magana ce ta gefe ɗaya. Zaure ya dace da 'yan sa-kai masu aiki tare, tasha ta dace da sanarwa.

Daga nan sai ku riƙa hawa da mutane mataki-mataki. Wanda ya sa hannu a koke yau, mako mai zuwa a gayyace shi taro, wanda ya zo taro a ba shi ƙaramin aiki, wanda ya yi aikin a ba shi jagorancin wasu. A 2013 reshen UNICEF na Suwidin ya yi wani talla yana tunatar da mutane cewa danna alamar so a shafi ba ya saya wa ko yaro ɗaya allurar rigakafi.

Mataki na takwas: kuɗi

Ku sauƙaƙa hanyar bayarwa iyakar iyawa. Bayan girgizar ƙasar Haiti, Red Cross ta Amurka ta tara sama da dala miliyan 30 ta saƙon tes, kowane saƙo dala 10, kuma sirrin abin shi ne mai bayarwa bai buƙaci barin inda yake zaune ba. Kuɗi su shiga asusun ƙungiya, kada su taɓa bi ta asusun wani mutum ko da shugaba ne. Ku faɗi adadin da kuke nema da abin da za a yi da shi, ku riƙa sanar da inda aka kai, bayan an kashe kuma ku wallafa rasit da hoton aikin. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya tafi shi ne zai sake bayarwa. Kada ku gina kasafinku a kan fatan wani bidiyo zai karaɗe duniya. Gasar kwara ruwan ƙanƙara a ka ta 2014 ta tara wa ƙungiyar Amurka mai yaƙi da cutar jijiyoyi ta ALS dala miliyan 115, amma irin wannan sa'a ce da ba a tsara ta a ofis. Ƙungiyar da ke da rajista ta duba tallafin da kamfanoni ke bayarwa: Google yana ba ƙungiyoyin da suka cancanta tallan bincike kyauta na har dala 10,000 a wata, Canva yana ba da manhajarsa ta zane kyauta, TechSoup kuma tana samar da manhajoji a rangwame.

Mataki na tara: ranar da abu ya ɓaci, da ranar da aka yi alkawari

Tun ran gini ran zane: ku rubuta tun yanzu wa ke amsawa da sunan ƙungiya, wa ke duba saƙo kafin ya fita, da irin tsokacin da za a goge. Mai tambaya ta gaskiya a ba shi amsa ko da da zafi ya yi ta. Mai zagi da mai barazana a ɗauki hoton abin da ya rubuta a adana, sannan a toshe shi. Idan ku kuka yi kuskure, ku gyara a fili, ku faɗi abin da ya kasance ba daidai ba, domin goge saƙo a ɓoye ba ya hana wanda ya riga ya ɗauki hotonsa fito da shi. Ma'aikacin da ke riƙe da shafi, musamman idan mace ce, shi ke shan zagin da aka yi wa ƙungiya, don haka a riƙa karɓa-karɓa.

Wajen auna nasara, ku koma ga jimlar da kuka rubuta a mataki na farko. Yawan mabiya da yawan kallo suna nuna ko ana jin ku, amma tambayoyin da za ku kai gaban amintattu su ne mutum nawa ya yi abin da kuka roƙa, ko hukumar ta amsa, da ko an tura ungozomar. Mafi yawan gangami suna mutuwa ne a ranar da jami'i ya fito ya yi alkawari, kowa ya yi murna ya watse. Ku adana bidiyon alkawarin da ranarsa, ku sa wa kanku ranakun komawa bayan wata ɗaya da wata uku da wata shida. A kowace rana daga cikinsu ɗan sa-kai ya je asibitocin biyar ɗin da dare da fom ɗin nan da aka fara da shi, ya duba ko ƙofa a buɗe take, ya rubuta ko ya tarar da ma'aikaciya a bakin aiki, washegari kuma ku wallafa abin da ya gani a shafin da jama'a suka ga alkawarin.